Ma'anar Awon Igiya da Matsayinsa a Tsarin Birane

Awon igiya shi ne yanka gona ko wani fili zuwa fulotai domin sayar wa masu son gini, ba tare da hukumar tsara birane ta zana taswirar wurin ko ta amince da ita ba. Mai gona da dillali kan zo da igiya da turaku su auna su kafa alama, sannan a rubuta takardar ciniki wadda mai unguwa ko dagaci zai sa wa hannu a gaban shaidu. Kishiyarsa shi ne awon gwamnati, inda ake fara fitar da tituna da magudanan ruwa, a ware filin makaranta da asibiti da kasuwa da maƙabarta, kafin a ba kowane mutum fulotinsa da lambarsa.

A Najeriya ikon tsara ƙasa yana hannun jiha. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar kowace jiha ga gwamna a matsayin amana, kuma shi ne yake ayyana yankin da za a ɗauka a matsayin birni, shi ne kuma yake ba da takardar shaidar mallaka a cikinsa. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta ƙara da cewa ba a yin gini sai da izini, aikin da hukumomi irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna suke kula da shi. Saboda haka takardar mai unguwa shaida ce ta cewa an yi ciniki, amma ba ta kai matsayin takardar mallaka ba.

Duk da haka, awon igiya ne ya samar da kaso mai yawa na unguwannin da suka kewaye Kano, musamman a ƙananan hukumomin Ungogo da Kumbotso. Jama'a suna ƙaruwa fiye da yadda gwamnati take fitar da sababbin fulotai, kuma waɗanda ta fitar ba kasafai suke isa hannun talaka ba. Akwai kuma batun diyya, wanda a ganina shi ne ya fi tasiri: idan gwamnati ta karɓi gona, doka ta tanadi biyan kuɗin abin da yake kanta, wato shuka da bishiyoyi da gini, ba kuɗin ƙasar kanta ba. Manomin da ya ga birni ya tunkaro gonarsa yakan ga gara ya yanka ta ya sayar tun kafin ma'aikatan safiyo su iso.

Illar tana fitowa ne bayan an tare. Tun da duk ƙafa ɗaya da aka bar wa hanya asara ce ga mai sayarwa, lunguna kan fito a matse, ta yadda motar kashe gobara ba za ta iya shiga ba, wani lokaci ma masu ɗauke da makara sai sun karkata kafin su wuce wata kusurwa. Da damina ruwa yakan rasa mabi, ya kwanta a ƙofar gidaje ko ya ci gindin katanga, domin an yi gini a kan tsohuwar hanyarsa. Idan daga baya gwamnati ta zo fitar da titi, ba ta da mafita sai rusau da biyan diyyar gidaje, abin da ya ninka kuɗin da za ta kashe da ta shata titin tun wurin yana gona.

Wasu wuraren sun tunkari matsalar ta hanyar shata wa birni iyaka. A jihar Oregon ta Amurka, dokar da aka kafa a 1973 ta kai ga wajabta wa kowane birni ya ja layi a kewayensa, ya tanadi filin da zai ishe shi faɗaɗa na shekara 20 a cikin layin, gonakin da suke waje kuma a bar su ga noma. Sharaɗin tanadin fili shi ne abin lura a nan, domin hana awon igiya a gefen Kano ko Kaduna ba zai yi tasiri ba matuƙar jiha ba ta riga dillalai isa gonakin ba, ta shata tituna, ta kuma fitar da fulotai a farashin da malamin makaranta ko ɗan kasuwar kwari zai iya biya.