Lalurar Otizim a Cikin Iyali

Otizim, wadda wasu kafafen yaɗa labarai ke kira galahanga, lalura ce da ke shafar bunƙasar ƙwaƙwalwar yaro. Tana bayyana a magana, da mu'amala da mutane, da yawan maimaita abu guda. Galibi alamunta kan fito kafin yaro ya cika shekara uku, kuma mutum kan rayu da ita har tsufa. An fi gano ta a yara maza, kusan ninki huɗu na mata.

Tarihi

A 1943 ne likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins da ke Amurka ya wallafa bayanin yara 11 da ba su damu da mutane ba, amma da zarar an sauya musu tsarin da suka saba sai hankalinsu ya tashi. Bayan shekara ɗaya, Hans Asperger na ƙasar Ostiriya ya yi bayanin wasu yara masu magana tiryan-tiryan, sai dai abota ta gagare su. Wajen shekarun 1950 zuwa 1960 wasu masana suka ɗora laifin a kan iyaye mata, wai rashin jan yaro a jiki ne. Bincike ya rushe wannan zargi, bayan ya ƙuntata wa mata da yawa. A 1978 Victor Lotter ya wallafa bincikensa na wasu ƙasashen Afirka, har da Najeriya, inda ya samu yara masu irin waɗannan alamu. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta haɗe nau'o'in lalurar daban-daban ƙarƙashin suna guda mai matakai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Afrilu don wayar da kai, an kuma fara a 2008.

Dalili

Gado na da babban hannu. Wani rahoto na 1998 da ya danganta lalurar da allurar rigakafi an janye shi a 2010.

A gidajen Zariya

Yaron da ya wuce yaye bai ce "Umma" ba, ko aka kira sunansa bai waiwayo ba, akan fara cewa nauyin baki ne ko kurumta. In abin ya daɗe sai zancen ya koma kan iskokai ko sammu, wani lokaci har a zargi kishiya. Iyalai da dama kan fara da rukiyya da rubutun sha kafin su kai yaro Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Gwajin ji na cikin abubuwan da ake fara yi.

Yawancin aikin a tsakar gida yake, kuma a wuyan uwa. Yaron kan fi natsuwa idan wanka da abinci da barci suna da lokaci sananne. Lokutan salla kan zama ma'auni mai sauƙi. Ƙarar injin niƙa ko hayaniyar gidan biki kan sa ya toshe kunne yana kuka, bugunsa kuwa ƙara dagula shi yake. Wani ba ya taɓa miya mai yauƙi, sai farar shinkafa a kwano guda. Umarni gajere, "ɗauko buta", tare da nuni da hannu, ya fi dogon faɗa tasiri. Da yake wasu kan fice ba a sani ba, ana rufe rijiya, a sa sakata a ƙofar zaure, a kuma sanar da maƙwabta. A gidan yawa, kaka da yayye kan karɓi uwa ta samu ta huta.

Magani

Babu maganin da ke kawar da ita. Horon magana da wuri na taimakawa, farfaɗiyar da kan zo tare da ita kuma tana da magani a asibiti. Dokar Najeriya ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu kamar kowa.