Yarjejeniyar Cinikin Afirka: Wa Zai Ci Riba, Wa Zai Ɗauki Asara?

Raɗe-raɗin cewa yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka ta soke harajin kwastan baki ɗaya ba gaskiya ba ne. An rattaba mata hannu a Kigali, babban birnin Ruwanda, a 2018, aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta a Janairun 2021. Kashi 90 cikin ɗari na jerin kayayyaki ake sauke wa haraji, kuma sannu a hankali: shekara 5 ga ƙasashe masu ɗan ƙarfi, shekara 10 ga mafiya talauci. Kashi 7 an ƙara musu lokaci, kashi 3 kuwa ƙasa na iya keɓewa ta ci gaba da karɓar harajinsu.

An fi rikicewa a kan ƙa'idar asalin kaya, wato dokar da ke tantance ƙasar da aka samar da kaya. Wai kayan Sin za su kwararo ta maƙwabta ba tare da haraji ba. Dokar ba ta yarda da haka ba. Rangwamen na kayan da aka noma, aka haƙo, ko aka sarrafa sosai a ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar ne. Sauya kwali ko liƙa sabon tambari ba ya mayar da kaya na Afirka. Sai an nuna shaidar asali, in babu a biya haraji cikakke.

To, a nan gizo ke saƙar. Babban kamfani yana da lauya da wakilin fiton kaya. Matar da ke tsallaka iyaka da buhu biyu fa, wa zai cike mata takardu? Haka rangwamen da aka rubuta don kowa ke zarcewa aljihun mai jari.

An ga irin wannan a wasu wurare. Bayan Indiya ta zaftare haraji a 1991, talauci ya fi jinkirin raguwa a gundumomin karkara da kayan waje suka fi yi wa gogayya. Dalili kuwa, sauƙin farashi kowa ke samun ɗan kaɗan, amma rasa aiki gari guda yake faɗa wa, kuma lebura ba ya iya kwashe iyalinsa ya bi sabon aiki cikin dare ɗaya.

Yarjejeniyar ta ba ƙasa damar ɗaukar matakin kariya na wucin gadi idan kayan waje na durƙusar da masu samar da irinsu a gida, amma sai bincike ya tabbatar da illar. Ƙungiyar masu masana'antu na iya tara alƙaluma ta kai koke. Ƙaramin manomi ba shi da wannan halin, sai dai in gwamnati ta tara masa.