Waiwaye: Yadda aka raba Dokokin Musa gida uku, da gardamar da ta iso Zariya

Duk mai zama da Kiristocin Zariya, daga Wusasa zuwa Sabon Gari da Samaru, ya san akwai gardamar da ba ta tsufa. Yau a kan zakka ce, wato ɗaya bisa goma da ake kai wa coci. Gobe a kan mace ta sa wando ta shiga sujada, jibi kuma a kan Asabar da Lahadi. Wannan ya buɗe Malakai 3:10 ya ce a kawo zakka ɗakin ajiya, wancan ya tare shi da Romawa 6:14: "Ɗan'uwa, ai muna ƙarƙashin alheri ne, ba Shari'a ba." Tun da batun zakka ya yi zafi a rediyo da Facebook a 2017, mutane da yawa suke ɗauka 'yan zamani ne suka tono shi. Alhali tambayar da ke ƙasan duk wannan ta kusa shekara dubu biyu: dokokin da aka ba Annabi Musa a Attaura, wa suka hau kansa a yau?

Farkon labarin sananne ne. Yesu Almasihu ya ce bai zo shafe Attaura ba, ya zo cika ta ne (Matiyu 5:17). Da waɗanda ba Yahudawa ba suka fara shiga bangaskiya, sai rigimar kaciya ta tashi, manzanni suka zauna a Urushalima wajen shekara ta 49. Ayyukan Manzanni 15 ta ce ba a ɗora musu kaciya ba, an dai hana su abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da naman abin da aka maƙure, da fasikanci. Wajen 144 ikilisiyar Rum ta kori Markiyon, wanda ya nemi a jefar da Tsohon Alkawari ɗungurungum. A 321 Sarki Kwanstantin na daular Rum ya mayar da Lahadi ranar hutu a birane, ya bar manoma su ci gaba da aikin gona. Ke nan ikilisiya ta riƙe Tsohon Alkawari, ba a kuma bin duk abin da ke cikinsa.

Yahudawa sun bi tasu hanyar. Da Rumawa suka rusa Haikali, babban ɗakin ibadarsu na Urushalima, a shekara ta 70, hadaya ta tsaya, amma malamansu ba su ce doka ta faɗi ba. Sun lissafa dokoki 613, 248 na "yi" da 365 na "bari", suka ce duk suna nan, sai dai wasu ba su yiwuwa in babu Haikali. Sun kuma ce wannan kaya na Bani Isra'ila ne kaɗai. Sauran mutanen duniya dokoki bakwai ne a kansu, waɗanda ake dangantawa da Annabi Nuhu.

Abin da ba a cika ambatawa a gardamarmu ba ya faru ne a ƙarni na 13, kuma a ganina nan ne mahaɗar hanyar take. Wani malamin tauhidi ɗan Italiya, Toma Akwinas (1225–1274), ya tattara abin da magabatansa suka taɓa faɗa a warwatse, ya tsara shi. Ya raba dokokin Musa gida uku. Gida na farko dokokin ɗabi'a, kamar hana kisa da sata da zina. Ya ce waɗannan hankalin ɗan Adam ma ya san su, don haka suna kan kowa har abada. Gida na biyu dokokin ibada: hadayu, idodi, kaciya, abincin da aka haramta. Waɗannan, in ji shi, nuni ne ga zuwan Almasihu, kuma da ya zo aikinsu ya ƙare, har ma laifi ne Kirista ya riƙe su a matsayin farilla. Gida na uku dokokin hukunci da zaman jama'a na ƙasar Isra'ila, irin su diyya da gado da horon ɓarawo. Su ma sun daina hawa kan kowa, amma sarki na iya aron wanda ya ga ya dace da ƙasarsa, muddin bai ce Attaura ce ta tilasta masa ba.

Tsarin yana da kyau, ya kuma warware wa mutane abubuwa da dama. Matsalar ita ce Attaura kanta ba ta zo da dokokinta a ware haka ba. A buɗe Littafin Firistoci sura 19 a gani. Aya ta 18 ta ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. Aya ta 19, ba tare da an ja numfashi ba, ta ce kada ka shuka iri biyu a gona ɗaya, kada ka sa tufa mai zare iri biyu. Dattijon coci a ƙauyukan Giwa ko Soba da ya zuba wake a tsakanin kunyoyin dawarsa, kamar yadda ya tarar kakansa na yi, bai taɓa jin ya yi zunubi ba, kuma babu faston da ya taɓa tsare shi a kan haka. A surar nan dai aka ce a bar wa matalauci kala a gona, kada kuma ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannunka. Wace aya ce ta ɗabi'a, wace ce ta ibada? Nassin bai sa wa ko ɗaya alama ba. Mai karatu ne ke rabawa.

Shi kansa Akwinas ya ga akwai dokokin da suka ƙi zama gida ɗaya, kuma su ne ainihin waɗanda ake faɗa a kansu yau. Game da Asabar ya ce ware lokaci domin Allah ɗabi'a ce, amma tsayar da ranar bakwai ibada ce da ta wuce. Game da zakka ya ce ciyar da masu hidimar Allah wajibi ne da ba ya faɗuwa, amma adadin ɗaya bisa goma na tsarin Isra'ila ne. Kirista na biyansa ne domin ikilisiya ta tsayar da shi, kuma tana da ikon tsayar da wani adadin. Lokacin da ya rubuta haka zakka ta daɗe da zama doka a Turai: taron bishof-bishof a garin Makon na Faransa ya wajabta ta a 585, Sarki Shalaman, mai mulkin yankin a lokacin, kuma ya sa ta cikin dokar ƙasa a 779.

Masu gyaran ikilisiya na ƙarni na 16 sun yi watsi da abubuwa da yawa na Katolika, amma wannan rabon sun tafi da shi. Cocin Ingila ya sa shi a sashe na 7 na Ƙa'idodin Bangaskiya 39 da aka kammala a 1571: dokokin ibada ba su ɗaure Kirista ba, na mulki ba dole ne kowace ƙasa ta ɗauka ba, amma babu Kiristan da ya kuɓuta daga na ɗabi'a. Sashen gajere ne, bai jera wace doka ce a wane gida ba. Har wani ɓangare na Yahudawa ya zo ya yi irin wannan rabon: a 1885 malaman Yahudawa masu ra'ayin sauyi suka taru a Fitsbag ta Amurka, suka ce dokokin ɗabi'a ne kawai suka hau kansu, ban da na abinci da sutura. Masu riƙon gargajiya ba su yarda ba har gobe. Cocin Habasha kuwa, da wannan tsarin bai bi ta kansa ba, yana girmama Asabar tare da Lahadi, mabiyansa ba sa cin naman alade.

Da wannan gadon na cocin Ingila Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS, ƙungiyar masu wa'azi ta wannan cocin, ya zauna a birnin Zariya a 1905. Mishan ya koma Wusasa a 1929, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932. Daga nan Bahaushen Kirista ya iya karanta Firistoci da Malakai da harshensa. Sai dai tambayar ba ta tashi da wuri ba, kuma dalilin a fili yake. Abubuwan da suka girgiza ikilisiyar farko, kaciya da abin yanka da naman alade, a ƙasar Hausa al'ada ta riga ta gama da su. Yaro ana yi masa kaciya ko a gidan wa aka haife shi, nama kuma a wurin mahauci ɗaya ake saye. Babu abin da ya tilasta wa kowa ya tambayi ko Attaura ce ke sa shi ko zaman gari. (Malaman Musulunci, ga mai sha'awa, suna da irin wannan babin a usulul fiƙihu, kan ko shari'ar waɗanda suka gabata ta hau kan na baya.)

Haka aka yi ta gadon amsar, hanyar da aka bi aka kai gare ta kuma ta tsaya a makarantun tauhidi. Yara sun haddace Dokoki Goma a makarantar Lahadi, ba a cika gaya musu me ya sa ta huɗu, ta kiyaye Asabar, ta koma Lahadi ba. Da coci-coci suka yawaita, albashi ya maye gurbin damin hatsi, kowa kuma ya samu Littafi a wayarsa, sai ayoyin kan iyaka suka farka. Mai kafa hujja da Malakai ba kasafai yake kai wa Maimaitawar Shari'a 14 ba, inda aka ce mai zakkar ya ci ta da iyalinsa a gaban Ubangiji, a shekara ta uku kuma ya ajiye ta a garinsu domin Balawe, wato ɗan kabilar masu hidimar ibada, da baƙo da maraya da gwauruwa. Mai cewa alheri ya shafe Shari'a kuwa, in aka yi masa sata, ba ya jinkirin tuna doka ta takwas. Su kuwa Yahudawa masu riƙon gargajiya, zakkar amfanin gona a wurinsu ta shafi abin da aka noma ne a ƙasar Isra'ila, ɗaya bisa goma na kuɗi kuma galibi sadaka ce da ake ba mabukata.