Littafin Tarihin Rayuwar Gimbiya Salme ta Zanzibar

Memoiren einer arabischen Prinzessin, wato tarihin rayuwar wata gimbiyar Larabawa, littafi ne da Sayyida Salme bint Sa'id ta rubuta da Jamusanci, aka buga shi a Berlin a 1886; sunanta na aure shi ne Emily Ruete. Ana ɗaukarsa a matsayin tarihin kai na farko da aka sani wata Balarabiya ta wallafa. An fassara shi zuwa Turanci a 1888, sannan aka sake fassarawa a 1907.

An haifi Salme ranar 30 ga Agusta, 1844, a tsibirin Zanzibar. Mahaifinta shi ne Sayyid Sa'id bin Sultan, mai mulkin Oman da Zanzibar, mahaifiyarta kuma Jilfidan, ƙwarƙwara ce da aka kawo daga yankin Kaukasus tun tana ƙarama. Babukan farko na littafin sun tsaya ne kan Beit il Mtoni, gidan sarauta da ke bakin teku a arewacin birni, inda ta yi ƙuruciya. Ta kwatanta ɗakunan wanka, da ɗawisu da barewa da jiminai suna yawo a tsakar gida, da harsuna iri-iri da ake ji a wajen matan sarki, ko da yake a gaban sarki Larabci kaɗai ake yi. Yayanta Majid ne ya koya mata hawan doki da harbi.

A gidan ana koya wa 'ya'ya mata karatun Alƙur'ani, amma ban da rubutu. Salme ta koya wa kanta a ɓoye, tana kwafar haruffa daga Alƙur'ani a kan ƙashin kafaɗar raƙumi, wanda shi ne allon yaran wurin. Wannan ilimi ne daga baya ya jefa ta cikin rikicin sarauta.

Sayyid Sa'id ya rasu a 1856 a cikin jirgin ruwa, yana dawowa daga Oman. Ɗansa Thuwaini ya riƙe Oman, Majid ya hau gadon Zanzibar, amma ƙaninsa Barghash bai haƙura ba. A 1859, shekarar da kwalara ta kashe mahaifiyar Salme, Barghash ya shirya tawaye. 'Yar'uwarta Khole ta ja ta zuwa ɓangarensa, kuma da yake ta iya rubutu, yarinya 'yar shekara goma sha biyar ta zama magatakardar 'yan tawaye, ita ke rubuta wasiƙunsu na sirri. Ta ba da labarin yadda suka shiga gidan da aka tsare Barghash, suka lulluɓe shi da kayan mata, suka fito da shi ta gaban masu gadi. Turawan Ingila suka mara wa Majid baya da jirgin yaƙi, tawayen ya watse, aka kai Barghash gudun hijira Bombay. Salme ta shirya da Majid, sai Barghash da Khole suka ɗauke ta maciyiya amana. Barghash bai yafe mata ba ko bayan da ya hau mulki a 1870.

Abin da ya biyo baya ta taɓa shi sama-sama ne a littafin. Ta shaƙu da maƙwabcinta, wani ɗan kasuwa Bajamushe mai suna Rudolph Heinrich Ruete, ta gudu zuwa Aden a jirgin sojan ruwan Ingila a 1866 tana da juna biyu. A can ta shiga Kiristanci, suka yi aure a 1867, suka tafi Hamburg. Mijin ya mutu a hatsarin taragon doki a 1870, ya bar ta da yara uku. Ta ce domin yaran nan ta fara rubutun, don su san asalin uwarsu.

Rabin littafin gardama ce da Turawa. Ta kare zaman mace a gidan Musulmi, ta ce matafiya na rubuta abin da ba su taɓa shiga ɗaki sun gani ba, ta kuma soki sanyin zumuncin Jamusawa da yawan karatun da suke ɗora wa yara. A nan tana da ƙarfi. Inda mai karatu zai yi tuntuɓe shi ne batun bayi: ta kare bauta, ta yi wa baƙaƙen fata kallon raini, alhali gonakin kanumfarin da ta gada guminsu ne ke noma su.

Ta koma Zanzibar a 1885 tare da jiragen yaƙin Jamus, tana neman gadonta, lokacin da Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, ke matsa wa Barghash lamba kan yankunan gaɓar teku. Da Jamus ta sami biyan buƙata, aka yi watsi da maganar gadonta. Ta sake zuwa a 1888, ba ta sami komai ba. Daga nan ta yi shekaru a Beirut, ta koma Jamus a 1914, ta rasu a Jena ranar 29 ga Fabrairu, 1924. An binne ta a maƙabartar Ohlsdorf da ke Hamburg.