Tambayoyin da ɗaliban injiniya ba sa gajiya da yi kan lissafin da'irar lantarki

Malam, da me zan fara?

Da dokar Ohm, V = IR, wato boltej (V) daidai yake da karant (I) sau juriyar rizista (R), wadda ake aunawa da om. Batir mai bolt 12 a kan rizista mai om 4, karant amfiya 3 ne. In wannan bai zauna maka ba, kada ka taɓa na gaba.

Karant ya fito min da alamar ragi. Na ɓata ke nan?

A'a. Kibiyar da ka zana don nuna inda karant ya nufa ce ta juya masa baya, shi ke nan. Bar ta yadda take ka ci gaba. Masu goge kibiya a tsakiyar lissafi su ne ke rikita kansu.

Dole sai na haddace dokokin Kirchhoff?

Guda biyu ne kacal, tun 1845. Karant ɗin da ya shiga mahaɗa shi ne ke fita. Kuma in ka zagaya da'ira ka dawo inda ka fara, jimillar boltej sifiri ce. Ina abin haddacewa a nan?

Na jera rizista biyu masu megaom 1 (om miliyan ɗaya) kowace a kan bolt 10. Lissafi ya ce bolt 5 a tsakiya, mita ta ce 4.76. Wa ya yi kuskure?

Mai yiwuwa babu kowa. Yawancin mitocin dijital suna da kimanin megaom 10 a cikinsu, to da ka ɗora wayoyinta a kan rizista ta ƙasa, ka haɗa ta da wata rizistar gefe da gefe ke nan. Megaom 1 da 10 a haka suna komawa 0.909, ka sake rabawa za ka ga 4.76 ɗin. Mitar da kanta ta canja abin da take aunawa. Amma kada ka yi saurin ɗora mata laifi. Rizista mai zoben zinariya tana iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa, wannan kaɗai ya isa ya kawo irin wannan bambanci. Batir ma yakan gaza abin da aka rubuta a jikinsa, musamman in ya kwana biyu. Auna tushen wutar tukuna, sannan ka cire kowace rizista ka auna ta ita kaɗai. In kana son raba gardama, sa masu kiloom 1 (om dubu ɗaya). In lambar ta matso kusa da 5, mitar ce.

Mitata ta daina auna karant.

Ka ɗora ta kai tsaye a kan batir tana saitin amfiya, ko ba haka ba? Fiyus ya ƙone. Ana yanke layi ne a sa mita a tsakani, karant ya bi ta cikinta. Canja fiyus da irinsa daidai, ban da ɗaura waya.