Manhajojin gina takardun bayanin fasaha a kwamfuta

Manhajojin gina takardun bayani su ne waɗanda ke ɗaukar rubutu zalla, galibi Markdown ko reStructuredText (hanyoyin tsara rubutu da ƴan alamomi), su mai da shi shafukan HTML masu jerin babi da wajen bincike. Yawancinsu suna zuwa da wata ƴar ƙaramar saba (server, manhajar da ke miƙa shafi ga burauza) da ke aiki a cikin kwamfutar mai rubutu, sai mutum ya buɗe burauza ya ga yadda shafin zai fito tun kafin ya tura shi intanet. Amfanin kenan, ka ga tebur ya karkace ko hoto ya ƙi fitowa ka gyara abinka babu wanda ya gani.

Sphinx na cikin tsofaffin hannu a fagen. Georg Brandl ne ya fitar da shi a 2008 don takardun yaren shirya manhaja na Python, daga baya har takardun kanel ɗin Linux (zuciyar tsarin Linux) suka koma kansa a 2016. Yana janyo bayani kai tsaye daga cikin kod, yana haɗa shafi da shafi ta yadda in mahaɗi ya karye zai yi maka gargaɗi, kuma yana fitar da PDF da ePub. Sai dai fa reStructuredText na da tsauri, tazara ɗaya in ta kuskure sai jeri ya watse, shi ya sa wasu ke ƙara wa Sphinx wani ƙari mai suna MyST don su yi rubutu da Markdown. Shi kansa ba ya sabunta shafi in ka yi gyara, sai ka sake buga make html ko ka sa sphinx-autobuild ya dinga yi maka.

MkDocs, wanda Tom Christie ya fara a 2014, ya fi sauƙin kamawa nesa ba kusa ba. Fayil ɗaya ne na saiti, mkdocs.yml, ka buga mkdocs serve ka leƙa adireshin 127.0.0.1:8000 a burauza shikenan, duk lokacin da ka adana gyara shafin zai sabunta kansa. Mutane da yawa ma ba shi suke so ba, kwalliyar Material for MkDocs ce ke janyo su.

Docusaurus na Facebook ne (kamfanin Meta a yanzu), ya fito a 2017, yana kan React da Node.js na yaren JavaScript kuma ya iya riƙe takardun siga daban-daban na manhaja ɗaya, amma kayan da zai sauke maka kafin ya tashi ba kaɗan ba ne. Hugo kuwa da Go aka rubuta shi, fayil guda ne kawai kuma sauri ne abin taƙamarsa, yana buɗewa a adireshin 127.0.0.1:1313. Akwai Jekyll na yaren Ruby da mdBook na mutanen yaren Rust.

Wajen zaɓi, abin da ya fi yin tasiri shi ne yaren da aikin ke kai da kuma waɗanda za su yi rubutun. Aikin Python mai tarin fanshin (function, wato guntayen kod) da ke buƙatar bayani ya fi dacewa da Sphinx, in kuma jagorar amfani ce ta shafi ashirin ko talatin to gaskiya ɗauko Docusaurus wahalar da kai ne, MkDocs ya wadatar.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne bambancin siga. Shafi ya yi kyau a kwamfutarka amma a wuraren ɗora shi a intanet kamar Read the Docs ko GitHub Pages ya fito daban, saboda sigar manhajar da ke can ba ita ce taka ba. Maganinsa a rubuta lambar siga a fayil kamar requirements.txt, a yi aiki cikin keɓaɓɓen muhalli na venv ko Docker. Haka kuma danna index.html kai tsaye daga folda wani lokacin yana hana bincike aiki, gara a shiga foldar a buga python -m http.server a duba ta nan.