Dubagari: ma'anar kalmar da asalin aikin

Wanda ya tashi a gaban kaka ya ji labarin yadda gida ke ruɗewa in an ce ga dubagari nan tafe. A zubar da ruwan randa, a share makwarara, a rufe bakin masai. In ya leƙa randa ya ga tsutsar sauro na wutsil-wutsil, maigida sai tara. Shi ya sa yawancinmu muka ɗauka dubagari mai binciken tsabtar gidaje ne kawai. Amma kalmar kanta "duba" ce da "gari", kuma gari ya fi gida faɗi: har da mahauta, marina, gidan burodi da shagon tela. A takarda yanzu jami'in lafiyar muhalli ake ce masa, kuma tun 2002 akwai hukumar tarayya da ke yi wa masu wannan aiki rajista a Najeriya.

Turawan mulkin mallaka ne suka zo da tsarin daga Ingila, can ma wahala ce ta haife shi. A 1842 wani jami'in gwamnatin Ingila mai suna Edwin Chadwick ya fitar da rahoto kan yadda ƙazanta da cunkoso ke kashe leburorin birane, sai dokar lafiyar jama'a ta 1848 ta ba hukumomin gari damar naɗa jami'in da zai riƙa farautar ƙazanta lungu-lungu.

Manyan masaƙu sun riga sun sami sufetocinsu tun 1833, mutum huɗu kacal. To babbar masana'anta ba ta ɓuya, hayaƙinta ma ya isa ya tona ta. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙananan wuraren sana'a. Teloli ne cunkushe a ɗaki ɗaya a saman bene, taga a rufe saboda sanyi, fitilar gas na cinye 'yar iskar da ta rage, ga tarin fuka na bin su ɗaya bayan ɗaya. Masu burodi kuma a ɗakin ƙarƙashin ƙasa suke kwana suna kwaɓa fulawa, wasu a kan katakon kwaɓin suke kishingiɗa. Ba allo a ƙofa, ba suna a rajista, yau suna wannan layi gobe sun tashi.

Sai da aka yi ta kai-kawo. A 1863 aka yi wa gidajen burodi doka: a riƙa shafe bango da farar ƙasa, a raba wurin kwana da wurin aiki. A 1867 aka yi dokar wuraren sana'ar da ma'aikatansu ba su kai 50 ba, aka damƙa wa hukumomin gari, mafi yawansu suka yi ko-oho da ita. A 1871 aka karɓe aka ba sufetocin masana'antu, su kuma aiki ya fi ƙarfinsu, har a 1891 aka mayar da sashen tsabta hannun hukumomin gari. Dokar 1895 ta yanke cewa kowane ma'aikaci sai ya sami sarari mai girman ƙafa 250 in an ninka tsawo da faɗi da tsayi, kamar a ce ƙafa shida da shida, sama ƙafa bakwai. Daga nan dubagari ya koma shiga shago da abin awo, ya auna ɗaki, ya ƙirga kawuna.

Abin da ya fi burge ni ya faru a 1893, lokacin da unguwar Kensington a Landan ta ɗauki mata biyu, Rose Squire da Lucy Deane, su duba wuraren da mata ke ɗinki da wanki. Yarinyar da kunya za ta hana ta faɗa wa namiji cewa ba su da makewayi, mace 'yar uwarta kam za ta faɗa mata. Mu da ke da gidajen "ba shiga", inda ake yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa na sayarwa, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Kwanan baya na kai markaɗe wani injin niƙa a bayan layinmu. Yaro ne a ciki, gari ya rufe masa gira da hanci, janareto na hayaƙi a ɗaki ɗaya da shi, taga babu. Na tambaye shi ko dubagari ya taɓa leƙowa, ya ce ai su gidaje suke shiga.